Wa Zai Fara Sauka?

Balbelar ta taso daga unguwar marina da hantsi, farfelunta huɗu suna wani gurnani mai taushi, ta bi layin da aka shata mata a sama har ta zo saitin kasuwar Birnin Marke, sai ta tsaya cak. A ƙasanta ga faifan sauka nan, zagayayyen dandamalin siminti da aka tanada don irinta, kuma babu kowa a kansa. Amma ba ta sauka ba. Wata shuɗiyar fitila ce ta kama a ƙarƙashin cikinta, ta ɗan ja gefe, sai wata tsohuwar balbela mai koɗaɗɗen fenti ta zo daga baya ta wuce ta, ta dira a hankali. Wani dattijo ya fito yana gyara zaman hularsa, ya ɗaga hannu sama yana sa albarka. Sai a lokacin ta farkon ta sauko.

Injiniya Kubura Tanimu tana kallon duk wannan a jikin babban allon Ɗakin Kiwo, can a saman benen Hukumar Sararin Gari, tana kurɓar shayi tana murmushi. Ta ga irin wannan ya fi a ƙirga, amma har yau daɗi yake yi mata. Ai dole, shuɗiyar fitilar nan daga kanta ta fito.

Balbela dai ita ce abin hawan kowa a wannan zamani. Na'ura ce mai tashi sama, fara ƙal, mai kujera ɗaya ko biyu, tana aiki da batir, kuma kuɗinta bai wuce abin da kakanni suke sayen babur da shi ba. Tela yana da ita, mai kifi yana da ita, ungozoma ma idan aka kira ta, ta sama take zuwa. Ba sai ka iya tuƙi ba. Ka faɗi inda za ka, ka zauna ka ɗaura bel, sauran aikin na Makiyayi ne, wato babban injin lissafin da yake kora dubban balbelun garin, ya ba kowace layinta, ya ba kowace faifanta. Tun da aka fara ba a taɓa jin biyu sun yi karo ba. Mutanen Birnin Marke sun saki jiki da ita har wasu barcinsu suke sha a sama.

Matsala ɗaya aka samu da farko, ita ma ba ta ƙarfe ba ce. Makiyayi bai san suruki ba. Wanda ya fara isowa shi yake fara saukewa, ko da jikanka ne. Ranar da ya sauke wani ɗan saurayi a wurin ɗaurin aure, ya bar wan babansa yana lilo a sama kamar kayan shanya, gari ya ɗauka. Dattawa suka ce su da wannan abu har abada, tunda an ƙera shi ne don a zubar musu da mutunci a gaban 'ya'yansu. Masu kamfanin da ya ƙera balbelun, can a ƙasarsu mai nisa, suka rasa gane ma mene ne abin faɗan. Kubura ce ta gane, don ita a gidan da ake durƙusawa a gaida manya ta tashi. Ta zauna ta ƙirƙiro maɓallin da yanzu kowa yake kira Ladabi. Idan ka hango na gaba da kai a allonka, sai ka taɓa sunansa ka danna. Shuɗiyar fitila ta kama a ƙarƙashinka kowa ya gani, shi kuma saƙo ya je masa cewa wane ya ba ka hanya. Daga nan Makiyayi ba zai ba ka faifai ba har sai wancan ya taɓa ƙasa. Kai kaɗai kake da ikon janyewa, in kuwa ka janye, fitilarka za ta mutu a idon jama'a. Majalisar gari ta sa hannu cewa ko ma'aikacin Ɗakin Kiwo ba shi da hurumin tsallake Ladabin wani. Aka ba Kubura lambar yabo, baƙi suka riƙa zuwa daga wasu birane suna koyo. Kanta ya ɗan yi girma, kuma wa zai ga laifinta?

To a wannan rana, da asuba Hedimasta Baƙo ya rasu. Tsoho ne da rabin garin suka bi ta gaban allonsa, sauran rabin kuma 'ya'yansu ne. Aka sanar za a yi masa salla kafin azahar a filin tsohuwar makarantarsa. A da, wanda yake nesa sai dai ya zo gaisuwa daga baya, kowa ya san uzurinsa. Balbela ta kashe wannan uzuri. Duk wanda labari ya iske, ko a gona yake ko a wani gari, ba shi da abin da zai faɗa gobe idan aka ce ba a gan shi ba. Don haka kowa ya ajiye abin da yake yi ya taso.

"Injiniya, zo ki ga ikon Allah," in ji Jafaru, abokin aikinta, wanda yake kula da ɓangaren kudu na allon.

Ta taso da kofinta a hannu. Saman filin makarantar ya yi fari fat da balbelu, kamar an watsa auduga. A ƙasa kuma waɗanda suka zo da ƙafa sun cika filin maƙil, har lungunan unguwa, sun ja sahu suna jira.

"Allah ya jiƙan Hedimasta," ta ce. "Ya tara jama'a."

"Amin. Amma ba jama'ar nake nuna miki ba. Dubi faya-fayan."

Ta duba. Faya-fayan sauka suna nan jere reras a gefen katangar makarantar, fes, ko kaza ba ta taka su ba. Ɗaruruwan mutane a sama, wurin sauka a buɗe, kuma ba mai saukowa. Ta ajiye kofin ba tare da ta duba inda ta ajiye shi ba.

"Makiyayi ne ya tsaya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ya ce kowa yana jiran wani."

A allon Ɗakin Kiwo, kowane Ladabi yana fitowa ne kamar siririn shuɗin zare, daga wanda ya danna zuwa wanda aka danna wa. Kubura ta sa yatsa ta fara bin zaren. Wannan ya ba wancan, wancan ya ba yayansa, yayan ya ba maigidansa na kasuwa, kuma duk inda ta bi sai ta ga zaren ya gangara wuri guda, kan balbelar Malam Na'iya. Wannan bai ba ta mamaki ba. Shi ne babban malamin garin, kuma shi zai ja sallar, waye zai sauka ya bar shi a sama? Abin mamakin shi ne ganin cewa fitilar Malam ma a kunne take.

Wa kuma Malam Na'iya zai ba hanya a garin nan?

Ta bi zarensa. Ya miƙe ya tsallake manyan balbelun attajirai, ya je ya tsaya kan wata 'yar ƙarama mai taɓo a ƙafafu. Ba ta buƙaci karanta sunan ba, don ita da kanta ta liƙa hoton 'yarsu Nuratu a gilashinta. Sabi'u ne, mijinta. Sai ta tuna. A zauren marigayi mahaifin Sabi'u Malam Na'iya ya yi karatu, kuma har gobe ba ya yarda ya shiga ƙofa gaban wanda yake kira ɗan malamina. Ta bi zaren Sabi'u, ko da yake ta riga ta san inda zai kai ta. Ya kai ta kan Alhaji Tanimu, mahaifinta, surukinsa. Zaren Baba kuwa, da yake kullum da safe yana gaban Malam da littafinsa, ya juya ya koma kan Malam Na'iya.

Sai Kubura ta ga zobe ne. Malam yana jiran Sabi'u, Sabi'u yana jiran Baba, Baba yana jiran Malam, gari kuma yana jiran su ukun. Duk shekarun nan ta ɗauka girma tsani ne, ko yaya aka hau dole a iske mutum ɗaya a can ƙoli wanda ba ya jiran kowa. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa a garinsu babba ma yana da wanda yake jin kunya. A ƙofar masallaci in haka ta faru, da dariya ake rabuwa, wani ya kama hannun wani ya tura shi ciki. A sama babu hannun da zai kai.

"Nuna min cajinsu," ta ce.

Jafaru ya danna. Allon ya cika da ɗigo-ɗigo, mafi yawansu kore. Na Sabi'u rawaya ne, rawayar ma da ta fara duhu. Likitan dabbobi ne, tun duku-duku ya tafi wata ruga bayan kogi yin allurar shanu, kuma ta san halinsa: yana jin labarin rasuwar ya juyo, bai tsaya caji ba.

Akwai abin da duk injiniya ya sani game da balbela, amma mai hawa bai damu ya sani ba. Tana tafiya gaba, iska tana taya ta ɗaukar nauyinta. Idan ta tsaya cak, farfela ce kaɗai take riƙe da ita, kuma a nan take shan wuta kamar rijiya. Tana da laimar ceto, gaskiya ne, amma laima sai da nisa take buɗewa, layin jira kuwa bai fi tsayin dogon bene ba. Ya yi ƙasa ga laima, ya yi sama ga ƙashin ɗan Adam.

Ta fizgi abin magana ta kira mijinta.

"Abban Nuratu, kana ji na?"

"A'a, Injiniya da kanta! Yau kuma ta layin ofis ake nemana? Allah ya sa ba tara za a ci ni ba."

"Ka janye Ladabin da ka danna wa Baba. Yanzu-yanzun nan."

Ya yi 'yar dariya. "Kubura, kin ji abin da kika ce kuwa? Fitilata ta mutu a gaban Baba, gari kaf yana kallo? Ga Malam ma ya ɗora min nauyi, ya ba ni hanya, wallahi kamar in nutse. So kike in sauka gabansu su biyu, in tsaya a ƙasa ina kallon su a sama?"

Ta yi masa bayani da sauri, kalma tana hawa kan kalma. Ta ce zobe ne, ba wanda zai sauka har tashin duniya in ba ɗayansu ya janye ba, kuma shi ne cajinsa ya fi na kowa ƙasa.

"To ai da sauƙi. Ki gaya wa Malam, shi ne babba, in ya janye ba wanda zai ga baƙinsa. Kuma ke da bakinki kike cewa ba ta taɓa yar da kowa ba. In caji ya yi ja, ba da kanta take neman wuri ta sauka ba?"

Haka ne, da kanta take sauka, kuma a da faifai mafi kusa take kamawa ko layin waye. Amma shekarar da aka fara Ladabi, samarin gari masu kai saƙo suka gano dabara. Sai su danna Ladabi don a ce masu tarbiyya ne, sannan su sassauta wata waya, batir ya nuna ja na ƙarya, balbela ta tsallake kowa ta sauka, su fito suna cewa ai ba laifinsu ba ne. Dattawa suka sake kawo ƙara. Kubura ta toshe wannan ƙofa da hannunta, har ta yi wa Jafaru alfahari a ranar. Tun daga nan, wanda fitilarsa take kunne, ko cajinsa ya yi ja ba shi da faifai, sai dai ta nema masa wani fili da babu mutane. Fili kuwa ba ya wuya a Birnin Marke. Sai yau, da kowane taku na unguwar nan akwai kan mutum a kai.

"Jafaru, kira min Malam!"

Ya kira, ya sake kira. "Ba ya shiga. Kin san Malam in zai je jana'iza kashe komai yake yi, daga shi sai carbinsa."

"To kira Darakta! Ya ba mu izini mu kashe Ladabi gaba ɗaya!"

Jafaru ya yi magana a waya ƙasa-ƙasa, ya ajiye, ya kalle ta baki buɗe. "Ya ce ba shi da iko sai majalisa ta zauna. Injiniya, Daraktan ma yana can sama. Ga fitilarsa nan a kunne. 'Yan majalisar ma ga su nan, kusan dukansu."

Da a wani wuri aka ba ta wannan labari, da ta yi dariya har da hawaye. Ta kira mahaifinta.

"Mamana, lafiya?" Haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Baba, ka yi wa Allah da Annabi ka janye Ladabinka ka sauka."

"In sauka gaban Malam? Mamana, jiya-jiyan nan ina durƙushe a gabansa yana gyara min karatu. Da wane ido zan kalle shi?"

"Baba, cajin Abban Nuratu ya kusa ƙarewa. Kai yake jira. In ba ka sauka ba, faɗowa zai yi!"

"Subhanallahi!" Ta ji numfashinsa ya canza. "To ki gaya wa yaron nan na yafe masa. Ya sauka, wallahi na yafe, ba zan riƙe shi da komai ba."

Ta koma kan Sabi'u ta faɗa masa. Ya ce, "Ai Baba haka zai ce, shi ya sa yake Baba." Amma dariyar ta fita daga muryarsa, kuma a bayan maganarsa tana jin ƙarar gargaɗi, ƙit, ƙit, ƙit. Ɗigonsa a allo ya koma ja.

Ma'aikatan Ɗakin Kiwo duk sun bar kujerunsu sun yi cirko-cirko a bayanta. Kubura, wadda tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunan mijinta a gaban mutane ba, ta buɗe baki da iyakar ƙarfinta.

"Sabi'u! Ka danna abin nan! Kunyar me? In ka mutu wa zai yi min kunyar? Ni na ƙera shi, ni nake gaya maka tarko ne! Sabi'u, ka tuna Nuratu!"

Can Sabi'u ya ce, a hankali, "To. Shi ke nan, ki daina kuka. Bari in janye. Allah ya sa Baba ya fahimce ni."

"Danna!"

"Ga shi nan, na ɗora hannu."

A daidai wannan lokaci Jafaru ya yi ihu, "Ta mutu! Fitilar Alhaji ta mutu!"

Haka ne. Alhaji Tanimu, dattijon da bai taɓa shiga gaban malaminsa ba ko a hanyar kasuwa, ya haɗiye kunyarsa ya janye saboda 'yarsa. Zoben ya tsinke. Makiyayi ya ba shi faifai nan take, balbelarsa ta fara gangarowa. Wasu a ɗakin suka fara hamdala, wata ma har da tafi.

"Alhamdulillahi," in ji Sabi'u, yana sauke ajiyar zuciya. "Kin gani? Ga Baba nan yana sauka. Saura ƙiris. Bari kawai in jira shi ya taɓa ƙasa, tunda abin ya zo da sauƙi."

"A'a! Kar ka jira! Danna!"

"Haba Kubura, tsoho ya zubar da girmansa saboda ni, sannan in yi masa tsere? Ga shi can ya kusa."

Bai kusa ba. Balbelar Baba a kan saukar dattawa take, wadda take gangarowa sannu-sannu don kada jiri ya ɗebi mai hawan jini. Kubura ce ta saita masa ita da hannunta ranar da ya saya. Ta tsaya tana kallon ɗigo biyu a allo, kore yana saukowa kamar mai tafiya a kan ƙwai, ja yana ƙiftawa. Tana roƙo, tana zagi, tana kiran sunan Allah, ita kanta ba ta san me take faɗa ba.

Farfelar hagu ta baya ce ta fara tsayawa. Balbelar ta karkace.

"Kubura," ya ce, da wata murya da ba ta taɓa ji ba. "Akwai mutane a ƙasana. Akwai mutane da yawa."

Ta ga ya kama sandar gaggawa, wadda take ba mai hawa damar kauce wa layi. Bai nufi faya-fayan ba, don sun yi masa nisa. Ya tura ta gefe, ta tafi a karkace ta saman kawunan masu sahu, ta tsallake katangar makarantar da ƙyar, ta nufi tsohon kududdufin da ya ƙafe a baya. Ta ji yana salati. Laimar ceto ta fito, ta buɗe rabi, ta naɗe kamar zanen da iska ta kwashe daga igiya. Sai layin ya ɗauke.

A ɗaya gefen allon, balbelar Alhaji Tanimu ta taɓa faifai lafiya lau. Ya fito yana tattara babbar rigarsa, ya ɗaga kai sama yana neman surukinsa. Saƙo ya fito daga Makiyayi, da haruffa masu kyau, cewa yanzu Sabi'u yana iya sauka.

Kubura ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, a tsakiyar ofis, ta zuba wa allon ido. Tana gani Malam ya samu hanya, tunda wanda yake jira ya riga ya taɓa ƙasa. Tana gani sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari, babu karo, babu tangarɗa, yadda aka gina abin ya yi. Aka sallaci Hedimasta Baƙo. Waɗanda suka ruga kududdufi suka dawo da hulunansu a hannu.

Kafin a fitar da ita daga ginin, ta kama hannun rigar Darakta, wanda ya dawo yana ta salati. Ta ce a kashe Ladabi yau, ko a hana tashi gaba ɗaya. Ya ce ta yi haƙuri, ta je gida, majalisa za ta zauna bayan sadakar uku, ai ba a yanke irin wannan hukunci cikin ruɗani. Ya ƙara da cewa, in an duba, inji bai yi kuskure ba.

Aka sa jana'izar Sabi'u bayan la'asar, a filin ƙofar gidansu.

Tsakar gidan ta cika da mata. Kubura tana zaune a kan tabarma, an lulluɓa mata mayafi, Nuratu ta yi kuka har barci ya ɗauke ta a cinyarta. Daga zaure tana jiyo muryar Baba, tana karyewa, yana faɗa wa duk wanda ya shigo magana ɗaya: "Na ce ya sauka, wallahi na ce na yafe. Ban taɓa ganin yaro mai kunya irin wannan ba." Maza suna amsawa, "Allahu akbar. Ɗan halak ke nan."

Gwaggo Asabe, yayar mahaifinta, ta matso ta dafa ta. "Ke dai kin yi dacen miji, 'yar nan. Gari duk ya ɗauka. An ce ya gwammace ya faɗo da ya sauka gaban surukinsa. A wannan zamani! Ni yanzu na gama yi wa nawa jikokin faɗa, na ce ku ga yadda ake tarbiyya."

Kubura ta ɗago tana kallon ta kamar ba ta jin Hausa. "Gwaggo, ba haka ba ne. Kuskure ne. Ni na yi shi. Bai kamata kowa ya sake taɓa maɓallin nan ba."

"Yi shiru, yi shiru. Kwana ne ya ƙare. Kar zafin rashi ya sa ki saɓo."

"Wallahi Gwaggo, in aka sake..."

"Ki yi ta salati, kin ji?"

Wayarta ta yi ƙara a gefen tabarma. Jafaru ne. Ta ɗauka ne kawai don ta huta da kallon matan.

"Injiniya, ki gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Sun taso. Sun fi na safe yawa, har daga garuruwan maƙwabta. Kowa yana so a ce ya zo jana'izar mai kunya. Kuma yawancinsu tun safe ba su koma gida sun yi caji ba."

Ba ta buƙaci ya ƙarasa ba, don ta fara jin gurnanin. Ya taso daga gabas, ya taso daga kudu, har kwanukan da aka kife a bakin rijiya suka fara kaɗawa. Inuwa ta rufe tsakar gidan. Ta zame Nuratu daga cinyarta ta miƙe, mayafin ya faɗi, ta ɗaga kai.

Sama ta yi fari fat. Tana kallo fitila ta farko ta kama, sai ta biyu, sai goma a lokaci guda, sai abin ya bazu ko'ina kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Har 'yan kai saƙon nan, da ba su taɓa ba kowa hanya da zuciya ɗaya ba, yau fitilunsu shuɗi ne.

"Ku sauka!" ta ƙwalla, tana ɗaga hannu biyu. "Don girman Allah ku sauka! Kowa ya sauka!"

Gurnanin ya haɗiye muryarta. Mata biyu suka riƙe ta suna cewa a kawo ruwa. Gwaggo Asabe ta sa hannu ta kare ido, ta dubi sama, hawaye suna bin kumatunta.

"Allah sarki," ta ce. "Kin ga albarkar mijinki? Yau ko yara ba wanda ya yarda ya riga wani."

Wayar tana nan a ƙasa inda ta faɗi, Jafaru yana ta magana shi kaɗai. Yana cewa faya-fayan unguwar duk a buɗe suke, ba a taka ko ɗaya ba, kuma rawaya ta fara yawa a allo.